Shafukan Da Na Ce Bai Rubuta Ba

Masu karatu, na ga saƙonninku. Wata ta ce jan ajina ya wuce misali, wata kuma ta ce in ba na so in turo mata lambarsa. Na yi dariya, sannan na kifa wayar na yi tagumi. Yau zan faɗa muku abin da ko Ummata ban faɗa wa ba sai ranar Asabar ɗin nan: dalilin da ya sa wata huɗu cur ina ce wa Mai Tabarau ya ba ni lokaci. In kun gama karantawa kuka ji haushina, ba zan ga laifinku ba.

Ranar Laraba da safe na fito cikin shirin aiki, doguwar riga ruwan toka, farin mayafi, jakar kwamfuta a kafaɗa. Sai na tarar Umma ta sauke labulayen falo kaf, ta jibge su a kan doguwar kujera, rana ta shigo har kan tabon shayin da muke ɓoyewa da ƙaramin tebur.

“Umma, baƙi za mu yi?”

“Ke za ki gaya mini.” Ko kallona ba ta yi ba, tana ta zare ƙugiyoyin labule tana zubawa a gwangwani. “Jiya kawunsa ya kira Abbanki. Suna so su zo su gaisa ranar Lahadi. Abbanki ya ce sai ya ji daga bakinki. Ni kuwa na ce labule ba ya jiran bakin kowa, wanke abina zan yi.”

Abba yana gefe da tsohuwar rediyonsa, wadda ta shekara biyu a mace kafin Mai Tabarau ya tashe ta cikin minti goma. Ya rage murya ya dube ni ta saman gilashinsa.

“Uwata, ba mai tilasta miki. Amma ba a barin mutum tsaye a bakin ƙofa wata huɗu. Ko ki ce ya shigo, ko ki sallame shi cikin mutunci. Zuwa Asabar ina so in ji.”

“To, Abba.”

“To ɗin nan taki ta ishe ni,” in ji Umma. “Yaron kirki, mai kunya, ga sana'a a hannu. Wai me kika gani a jikinsa da mu ba mu gani ba?”

Na sunkuyar da kai na fita. Da na buɗe baki a lokacin, cewa zan yi: Umma, ina sonsa har cikin raina, amma na taɓa jin ya yi ƙarya, muryarsa ko rawa ba ta yi ba.

Bari in koma baya saboda wanda ya shigo labarin nan yau. Ina aiki a wata cibiyar gwajin jini, ba wajen allura da kwalabe ba, can ɗakin baya mai sanyi inda manyan kwamfutoci biyu ke gurnani ba hutu. Duk sakamakon da likita ke jira ta cikinsu yake bi. Lokacin da aka ɗauke ni, Mai Tabarau ne ke riƙe da ɗakin, ni ina koyo a hannunsa. Dogo ne, mai magana ƙasa-ƙasa, hannun tabaransa ɗaya a ɗaure da baƙin zare. Bai taɓa kiran sunana ba, “abokiyar aiki” yake cewa, har yau.

Kwamfutocin nan ba a danna musu hoto, umarni ake rubutawa a baƙin allo. Kowane umarni yana da shafin bayaninsa. Ka buga man, ka bi shi da sunan umarnin, shafin ya buɗe ya gaya maka yadda ake aiki da shi. In sunan ya ɓace maka, akwai fihirisa, wato jerin sunayen shafukan, ka ba ta kalma ɗaya ta lalubo maka. Ranar farko Mai Tabarau ya ce mini, “Kafin ki tambaye ni, ki tambayi man. Ya fi ni haƙuri, kuma ba ya zuwa cin abinci.”

Wata bakwai da fara aikina mahaifiyarsa ta kwanta rashin lafiya, ya ɗauki hutun mako uku. Da zai tafi ya tsaya a bakin ƙofa da jakarsa ya ce, “Duk ƙananan manhajojin da na haɗa na rubuta musu shafuka, musamman wadda ke dawo da bayanai in faifai ya lalace. Ki buga man kawai.”

Kwana tara da tafiyarsa faifan da ke ajiye da bayanan cibiyar ya mutu.

Na buga man da sunan manhajar. Allo ya ce babu shafi mai wannan suna. Na sake. Na tambayi fihirisa da kalma bayan kalma, ba komai. Manhajar tana nan, tana tashi, amma ban san me zan ce mata ba. Na kira wayarsa sau goma sha ɗaya, a kashe. Kwana ɗaya da rabi cibiyar na tsaye. Akwai wata mata mai tsohon ciki da ta yi sawu uku ita da mijinta, a zuwa na uku ta zauna a kan benci ta cire takalmi saboda ƙafarta ta kumbura, ta ce wa mai karɓar baƙi, “Ni dai ku gaya mini ko lafiya yake.” Ta cikin gilashi nake hangenta. Da lalube da kuka na dawo da bayanan, bayan na ɓata aikin sau biyu.

Manaja ya ce in rubuta abin da ya faru. Na rubuta cikin haushi: bai bar mini wani bayani ba. Bayan kwana biyu Manaja ya same shi a waya, ya buɗe murya kowa na ji.

“Na rubuta, ranka ya daɗe. A buga man.”

Manaja ya yi mini nuni. Na buga. Babu.

Can Mai Tabarau ya ce, “To ƙila sun tafi tare da faifan. Ban ajiye kwafi a wani wuri ba. Laifina ne.”

Ni kuwa na san abin da ke kan faifan da ya mutu: sakamakon gwaji ne zalla, ba shafi ko ɗaya. Nan take zuciyata ta yanke hukunci. Bai rubuta ba, ya samu faifai ya fake da shi. A makon ne mahaifiyarsa ta rasu. A ƙarshen watan aka ƙi sabunta masa aiki, aka miƙa mini makullin ɗakin.

Bayan wata biyar ya zo gidanmu. Kun san da me ya fara? Da ban haƙuri. “Abokiyar aiki, sakacina ya wahalar da ke, ki yafe mini.” Ya san ni na buga a gaban Manaja, amma bai san ni na rubuta takardar ba. Daga ban haƙuri aka koma gaisuwa, daga gaisuwa aka koma gyaran rediyon Abba da fedar keken ɗinkin Umma. Kullum ƙarfe bakwai na safe saƙonsa zai shigo: “Abokiyar aiki, Allah ya ba da sa'ar yau. Ki saka rigar sanyi, ɗakin nan ba shi da tausayi.” Nakan karanta sau uku. Sai kuma wata murya ta ce mini, mutumin da ya iya cewa “na rubuta” ba tare da ya rubuta ba, gobe me zai ce miki da wannan sanyin muryar? Sai in amsa masa da, “Amin, na gode.” In ya taɓo maganar manya, in ce ya ba ni lokaci.

To, mu dawo Laraba.

Cibiyar ta ɗauko wata ƙwararriya ta duba mana tsarin kwamfutocin na mako biyu. Malama muke kiranta, don ta daɗe tana koyarwa kafin ta koma wannan aiki. Babbar mace ce, gashinta ya fara furfura a gefen ɗankwali, ba ta rabuwa da kofin shayi mai murfi, kuma da yatsu biyu take bugu amma ta fi ni sauri. Na buɗe mata sabon asusu a babbar kwamfutar, na tsaya a bayanta.

“Wannan manhajar ta dawo da bayanai, wa ya haɗa ta?”

“Wanda na gada, Malama. Sai dai ba ta da shafin bayani.”

“Uhm.” Ta kurɓi shayi, yatsunta suka buga man da sunan, kamar yadda hannu ke kaiwa ga makunnin fitila ko an san ba wuta.

Shafi ya buɗe.

Jama'a, ban san yadda zan kwatanta muku ba. Ga sunan manhajar a sama, ga bayani a jere, sakin layi bayan sakin layi.

“Ga shi kuwa,” in ji Malama. “Kuma wanda ya rubuta ya iya rubutu.”

“Ba... ba ya nan da. Wallahi Malama ba ya nan.”

Ta juyo da kujerarta ta kalle ni da kyau. “Zauna a taki. Buga.”

Na buga. Babu shafi mai wannan suna. Kwamfuta ɗaya, allo biyu, nata ya ce akwai, nawa ya ce babu.

“'Yata, kin san yadda man yake zaɓar inda zai duba?”

“Ai duk kwamfutar yake dubawa.”

Ta yi dariya har kofin ya girgiza. “Da haka ne da sai ki dafa shayi kafin ya amsa miki. Ɗan aike ne, ba boka ba. Jerin foldoji gare shi, wato ɗakunan ajiyar fayiloli, su kaɗai yake shiga. Abin tambaya shi ne wa ya ba shi jerin.” Ta jawo takarda ta zana layi. “In ba wanda ya ce masa komai, da kansa yake haɗawa. Akwai hanyar da kwamfuta ke bi ta nemo manhajoji, wadda ake kira PATH. Sai ya bi wannan hanyar folda bayan folda. A kowace ya fara duba takardar tsarinsa: an rubuta inda shafukan wannan foldar suke? In an rubuta, ya ɗauka. In ba a rubuta ba, ya leƙa maƙwabta, ko akwai folda mai suna man a gefe. Sannan ya ƙara da 'yan wuraren da takardar ta ce dole a duba kullum. Wanda kika gada ya san haka. Ya ajiye shafukansa daf da manhajojinsa, inda duk ɗan aike mai hankali zai leƙa.”

“To me ya sa nawa bai leƙa ba?”

“Saboda hanya ta biyu. In mai asusu ya rubuta nasa jerin, ya sa masa suna MANPATH, shi ke nan. Ɗan aike ya ajiye hankalinsa ya bi naki. Kika ce ɗaki uku, ɗaki uku zai shiga, ko da abin da kike nema yana ɗaki na huɗu ƙofa a buɗe.”

“Amma na tambayi fihirisa...”

“Fihirisa ai daga ɗakunan da aka zaga ake haɗa ta, kuma ta ɗakunan da ke jerinki kawai ake karanto miki. Ɗakin da ba a shiga ba, wa zai rubuta abin da ke ciki? Buga manpath mu ga jerinki.”

Na buga. Foldoji uku suka fito, da ɗan gargaɗi a samansu cewa an bi jerin mai asusu an bar takardar tsari. A allon Malama, bakwai ne.

Kafin ta ce in buɗe fayil ɗin saitina na riga na tuna. Layi ɗaya ne, kuma ni na rubuta shi, a mako na uku da fara aikina. Akwai wata manhaja mai tsohuwa da sabuwa, man yana ta buɗe mini shafin tsohuwar, don wanda ya fara tararwa a jeri shi yake kawowa. Mai Tabarau yana zaune taku biyu daga ni. Da na juya na tambaye shi, da ya gyara mini cikin numfashi ɗaya. Amma a ranar na riga na yi masa tambaya huɗu, kuma, tunda yau ranar faɗin gaskiya ce, na fara jin kunyar idonsa. Ba na so ya ɗauke ni marar kai. Sai na bincika da kaina, na rubuta foldoji uku yadda nake so su jeru. Shafin sabuwar ya buɗe. Na ji kaina wata gwana. Na manta da layin kamar ban taɓa rubuta shi ba.

“Da kin bar gurbi a ƙarshen jerin, da ya cike da sauran wuraren da ya saba,” in ji Malama. “Ke kuwa kika rufe ruf. Kuskure ne da kowa ke yi, ni ma na yi. Me ya sa kike kuka?”

Na gaya mata komai. Ta saurara ba ta katse ni ba, har shayinta ya huce.

“Tambaya ɗaya,” ta ce. “Ranar da abin ya faru, na fahimta, kina cikin ruɗu. Amma wata tara? Ba ki taɓa shiga foldarsa da hannu kin duba ba?”

Wannan tambayar ta fi mari zafi. Na ce na yarda da allon. Gaskiya ne, amma rabinta ce. Ragowar ita ce, tunda na sa hannu a takardar nan ban ƙara son dubawa ba. In bai rubuta ba, ni ce wadda aka zalunta. In ya rubuta fa?

Malama ta rufe kofinta. “Ni ba zan kai ƙararki ba. Amma ranar Litinin zan miƙa rahotona, kuma zan rubuta cewa shafukan suna nan, da kwanan watan da aka ajiye su. Tsakanin yau da Litinin, naki ne.”

Na goge layin. Na fita daga asusuna na sake shiga. Masu karatu, shafuka goma sha huɗu ne. An ajiye na ƙarshe ranar da ya tsaya a bakin ƙofa da jakarsa.

Alhamis da Juma'a na karanta su duka, a lokacin cin abinci, burodina na bushewa a gefe. Kada ku zaci wasiƙar soyayya na tarar, babu kalmar so ko ɗaya. Abin da na tarar ya fi ta nauyi. Shafin dawo da bayanai mataki huɗu ne, aikin minti ashirin. Da na gan shi, da matar nan mai ciki ba ta yi sawu na biyu ba. A ƙasan kowane shafi kuma akwai sashe mai taken kurakuran da aka fi yi. Na farko: mantawa da duba wurin da ya rage a faifai kafin a fara. Ni ce. Na biyu: juya ranar wata da watan. Ni ce. Na uku: in abu ya ƙi, kada a yi ta maimaita umarnin da sauri, a tashi a sha ruwa a dawo. Ni ce, wallahi ni ce, har tsokanata yake yi a kan haka. Wata bakwai yana lura da inda nake tuntuɓe, bai taɓa kunyata ni ba, sai ya bi ya share mini hanyar a rubuce, ba tare da ya ambaci sunana ba.

Na karanta littattafai da yawa inda jaruma ke gano an yi mata ƙarya. Ban tuna wanda na karanta inda ta gano ita ce ta ƙi leƙa ɗaki na huɗu ba.

Ranar Juma'a da yamma na rubuta wa Manaja takarda, na bayyana layin, na bayyana kwanan watan, na ce abin da na rubuta a baya ba daidai ba ne. Na ajiye a teburinsa kafin zuciyata ta canja. Ban san me zai biyo baya ba. Ƙila makullin ɗakin ya bar hannuna. Abin mamaki, ba shi ne ya hana ni cin abinci ba.

Asabar da hantsi saƙonsa ya shigo: “Abokiyar aiki, kawu ya dame ni da kira. Na ce masa ba a gaggauta mai gyaran kwamfuta. Kada ki takura kanki.”

Na rubuta: “Kana shago? Ina zuwa.”

“Shago kuma? Bari in share, kada ki ga asirina.”

Na saka rigar da ya taɓa cewa ta yi kama da ruwan sama, shuɗiya mai ƙananan ɗigo, sannan na ji kunyar kaina na cire, na mayar da ruwan tokar aiki. Ba kwalliya ta kai ni ba.

Shagon ɗan ƙarami ne, tsakanin mai ɗinki da mai sayar da fenti. Kwamfutocin hannu a jere a kan kanta, kowace da takarda manne da ita, warin dalma, fanka mai kai ɗaya da ke juyawa tana ƙara. Ya goge mini kujera da hannun rigarsa.

“Yau wace rana! In kawo lemo ko ruwa?”

“Zauna, don Allah. Abu zan nuna maka.”

Na buɗe kwamfutata, na shiga kwamfutar cibiyar daga nan, na juya masa allon. Na buga man da sunan manhajarsa.

Ya matso. Ya gyara tabarau. Na ga leɓensa na motsi yana bin layin farko, kamar mai karanta wasiƙar wani da ya rasu.

“Ina kika samo su? An ceto faifan ne?”

“Ba su taɓa ɓata ba. Suna inda ka ajiye su.”

Na nuna masa layin, na kwafe shi a takarda kafin in goge. Kallo ɗaya ya yi masa ya gane, ai shi ba sai an yi masa zane ba. Ya ce, “MANPATH,” a hankali, har ya fara murmushi irin na malamin da ya kama kuskuren ɗaliba. “Haba abokiyar aiki, ai da kin tambaye...”

“Ban gama ba.” Na riƙe gefen kujera. “Takardar da aka kai wa Manaja, wadda ta ce ba ka bar bayani ba, ni na rubuta ta. Kuma da ka ce ƙila sun tafi da faifan, na san ba sa kansa. Ban faɗa ba. Na ɗauka ƙarya kake. Wata huɗun nan da nake ce maka ka ba ni lokaci, wannan ne dalili. Ina ganin kai maƙaryaci ne.”

Fanka ta juya ta dawo. Ta sake juyawa. Mai ɗinki na maƙwabta ya taka kekensa ya tsaya.

Ya cire tabaran ya ajiye a kan kanta. Ban taɓa ganin idonsa ba gilashi ba.

“Kin san,” ya ce, “wata uku da suka wuce wani asibiti ya kira ni in riƙe musu ɗakin kwamfuta. Na ce a'a. Na ce wa kaina, mutumin da ya tafi ya bar mutane ba kwafi, har mai ciki ta yi ta sawu, bai kamata a sake ba shi amanar marasa lafiya ba. Gara ya zauna yana canja allon da ya fashe.” Ya yi 'yar dariya marar daɗi. “A makon da na binne mahaifiyata, da na rufe ido sai in ga kaina ina rubuta shafukan nan. Har na fara shakkar ko mafarkin rubutawar na yi.”

“Ka yafe mini.”

“Layin ba komai ba ne. Takardar ma, kina cikin tashin hankali, na gane.” Ya ɗago. “Amma na zauna a falonku na ba ki haƙuri, kika karɓa.”

Na karɓa ɗin.

“Na kai wa Manaja takarda jiya,” na ce. “Na faɗi komai. Malama ma za ta rubuta.”

“Kin kyauta.” Ba gatse a muryarsa, shi ya fi ciwo.

“Kuma Abba ya ce in ba da amsa yau.” Na dube shi ido cikin ido. “Amsata eh ce. Tun ranar da ka ce man ya fi ka haƙuri eh ce. Amma ban so in ce eh kana ɗauke da laifin da ba naka ba.”

Ya daɗe yana murza zaren da ke hannun tabaran. Sannan ya mayar da su fuskarsa, ya dube ni, da tausayin nan nasa da ban cancanta ba.

“Abokiyar aiki,” ya ce, “ki ba ni lokaci.”

Kalmomina ne. Wata huɗu ina miƙa masa su kamar ruwan sha, ban taɓa sanin haka suke da nauyi a hannun mai karɓa ba.

“Zan kira kawu in ce a dakata da gobe,” ya ƙara. Ya raka ni har bakin titi, ya tsayar mini da mota, ya ce wa direba ya bi a hankali.

Na isa gida la'asar ta yi. Labulayen sun koma jikin taga, an goge su, falo na ƙamshin sabulu. Umma ta sauya wa matasan kujera riguna, ta fito da kofunan da ba a taɓa su sai da dalili. Abba ya kashe rediyo da ya gan ni.

“To?” in ji Umma, hannu a ƙugu. “Kuma wallahi kika ce mini ‘to’ sai na jefe ki da matashin nan.”

“Na ce masa eh, Umma.”

Ta ɗaga hannu sama, bakinta ya buɗe da murna.

“Shi ne ya ce in ba shi lokaci.”

Hannun ya tsaya a inda yake. Abba ya jawo ƙaramar kujera kusa da tasa ya dafa ta. “Zo nan, Uwata. Faro daga farko.”

Na zauna, na ajiye wayar a cinyata. Kafin in buɗe baki allonta ya yi haske. A ƙarƙashin sunansa aka nuna yana rubutu. Ya tsaya. Ya sake farawa. Ya sake tsayawa.

Na kifa ta a kan teburin da ke rufe da tabon shayin nan, na juya wajen iyayena. Wannan karon ba zan zaɓi ɗakin da za a shiga da wanda za a tsallake ba.

“Abba,” na ce, “akwai wani layi ɗaya da na rubuta da hannuna.”